Zan tafi koyar da Turanci a waje: alluran rigakafi da zaɓen garin aiki, wanne zan fara warwarewa?

Mai Shirin Tafiya:

Assalamu alaikum, malamai da 'yan'uwa. Shekarata huɗu ina koyar da Turanci a makarantar sakandare, ina da digiri da takardar shaidar TEFL (horon koyar da Turanci ga waɗanda ba harshensu ba ne) ta awa 120, kuma bana na ƙudura a raina cewa in Allah ya yarda zan fita waje in yi wannan aikin na shekara ɗaya ko biyu. Hanyoyi biyu ne a gabana. Ta farko ita ce shirin JET na gwamnatin Japan, mai ɗaukar baƙi su koyar da Turanci a makarantun ƙasar, wanda ƙasar da nake riƙe da fasfonta tana cikin masu shigarsa; yanzu haka takardar neman shiga nake cikawa, kuma idan an ɗauke ni tafiyar za ta kama ƙarshen Yuli ko farkon Agusta. Ta biyu wata cibiyar koyar da harshe ce mai zaman kanta a Biyetnam, wadda muka yi hira da ita ta intanet, ta ce in na shirya in iso cikin wata biyu.

Abubuwa biyu ne suka tsaya mini. A takardar JET akwai gurbin da ake rubuta wurare uku da mutum yake so a tura shi, kuma ban sani ba ko in rubuta manyan birane ne ko in bar musu zaɓi. Sannan batun allurai: katin rigakafina na yarinta ya ɓace tun da daɗewa, kuma duk jerin da na karanta ya bambanta da ɗan'uwansa. Tunanina shi ne in jira har in san garin da zan zauna kafin in je asibiti, don kada in kashe kuɗi a kan allurar da ba ni da bukatarta. Ina roƙon waɗanda suka bi wannan hanya su haska mini.

Ma'aikaciyar Jinya:

Wa alaikumus salam, Malam. Ina aiki a sashen da ake duba matafiya, don haka a kan allurai kaɗai zan yi magana, in bar batun gari ga waɗanda suka zauna can. Shawarar jira da ka yanke ita ce zan fara roƙonka ka warware. Wasu alluran ba a gama su a zama ɗaya, kuma ba a fafe gora ranar tafiya.

Allurar ciwon hanta nau'in B sau uku ake yin ta a tsarin da aka saba: ta farko, ta biyu bayan wata ɗaya, ta uku a wata na shida. Ta nau'in A sau biyu ce, tsakaninsu wata shida zuwa goma sha biyu, kodayake ta farkon tana fara ba da kariya cikin 'yan makonni. Idan ka fara a wannan watan, za ka kammala duka biyun kafin Yuli ba tare da gaggawa ba. Idan kuwa ka jira sanarwar gari, za ka tafi da rabin allura a jikinka, ka je kana neman ragowar a ƙasar da ba ka iya bayani da harshenta ba, kuma mai yiwuwa da aljihunka, domin inshorar lafiya ba kasafai take biyan rigakafin manya ba. Akwai tsarin gaggawa na nau'in B, wanda ake yi rana ta farko da ta 7 da ta 21, amma shi ma yana neman ƙari bayan shekara guda.

Abin da mutane suka fi rainawa, alhali shi ya fi shafar malami, shi ne alluran yarinta. Kai cikin yara za ka wuni, a aji mai rufaffun tagogi lokacin sanyi. Ƙyanda tana cikin cututtukan da suka fi saurin yaɗuwa, kuma Japan ta fuskanci ɓarkewar rubela, wato ƙyandar Jamus, a 2012 zuwa 2013, sannan a 2018 zuwa 2019, inda akasarin waɗanda suka kamu maza ne manya da ba a yi wa allurar ba suna yara. Tunda katinka ya ɓace, ko dai a gwada jininka a ga ko kana da kariya, ko a yi maka allurar MMR, mai kariya daga ƙyanda da hangum da rubela, sau biyu, aƙalla kwana 28 tsakani, domin maimaita ta ga wanda aka taɓa yi wa ba ya cutarwa. Ka haɗa da allurar ƙari ta tetanus da mashaƙo, wadda ake sabuntawa duk shekara goma, kuma ka gaya wa likita ko ka taɓa yin ƙarambau.

Sai waɗanda suka danganta da wurin zama, kuma ina jin su ne kake son jinkirtawa. Cutar kumburin ƙwaƙwalwa da ake danganta sunanta da Japan sauro ne yake ɗauko ta daga aladu da tsuntsayen ruwa, sauron kuma a gonakin shinkafa yake hayayyafa, yana cizo daga magariba zuwa dare. Mafi yawan waɗanda ƙwayar ta shiga jikinsu ba sa ma sani, amma cikin waɗanda ta kwantar, Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce mace-mace kan kai kashi 30 cikin ɗari, wasu da suka tashi kuma su tashi da naƙasa, kuma babu maganin da yake kashe ƙwayar. Allurarta, mai suna Ixiaro, sau biyu ce, kwana 28 tsakani, a gama mako guda kafin tafiya. Wannan kam za ka iya ɗaga ta zuwa watan Mayu ko Yuni, amma a ganina wanda zai shekara a Japan ko Biyetnam ya yi ta kawai, domin ko a birni aka ajiye ka, hutu zai kai ka karkara.

Haukan kare shi ne inda ƙasashen biyu suka rabu. Japan ta rabu da cutar a dabbobinta tun shekarun 1950, Biyetnam kuwa har yanzu tana fama da ita. Allurar kafin cizo sau biyu ce, mako guda tsakani, kuma ba ta ɗauke maka zuwa asibiti in kare ko kyanwa ta cije ka. Abin da take yi shi ne ta rage yawan alluran da za a yi maka daga baya, ta kuma hutar da kai neman wani magani na musamman da ake tacewa daga jini, mai tsada da wuyar samu a ƙananan garuruwa. Allurar taifod kuma guda ɗaya ce, mako biyu kafin tafiya, kariyarta shekara biyu zuwa uku, kuma Biyetnam ce ta fi sa a yi ta.

Zazzaɓin shawara kuma batun takarda ne, domin babu cutar a nahiyar Asiya. Wasu ƙasashe, kamar Tailan, suna neman katin nan mai launin rawaya daga duk wanda ya fito daga ƙasar da cutar take. Katin yana fara aiki kwana goma bayan allura, kuma tun watan Yulin 2016 aka mayar da shi na har abada, don haka kada wani ya ce maka sai ka sake bayan shekara goma.

Tsohon Malamin Karkara:

Malam, bayanin Malama ya wadatar, ni kuma zan taɓa batun wurare ukun nan, domin shekara uku na yi a shirin. An fara JET tun 1987, kuma abu na farko da ya kamata ka fahimta shi ne ba shirin ne zai zama ubangidanka ba. Shi dai yana tantance ka ne ya miƙa ka ga wata hukumar ilimi, ta jiha ko ta ƙaramin gari, a ɗaya daga cikin jihohi 47 na ƙasar, ita ce za ta biya ka albashi, ta tsara maka makarantu, sau da yawa ta nema maka gida. Wanda ya faɗa hannun hukumar jiha yawanci babbar sakandare yake koyarwa, wanda ya faɗa hannun hukumar gari kuma firamare da ƙaramar sakandare. Wannan bambancin ya fi sunan gari tasiri a rayuwarka ta yau da kullum, amma kusan babu mai tunaninsa lokacin cika takarda.

Ni na rubuta Tokyo da Osaka da Kyoto, kamar yadda jama'a da dama suke yi, sai ga saƙo a ƙarshen bazara ɗauke da sunan wani gari a arewacin tsibirin Honshu wanda sai da na daɗe ina faɗaɗa taswira kafin in gan shi. Wuraren da ka rubuta roƙo ne kawai, kuma a ƙa'idar shirin, ƙin karɓar inda aka tura ka daidai yake da janyewa. Saboda haka ban ga amfanin ɓata gurabe uku a kan biranen da kowa yake rububi ba. Ka rubuta jihohin da ba a cika nema ba, ka kuma ba da dalilin da za a iya aiki da shi: ciwon da yake bukatar kusanci da babban asibiti, ko iyali da suke zaune a wani yanki, ko wata alaƙa ta karatu. Cewa kana sha'awar birnin kawai ba ya motsa kowa.

Tambayar da ta fi yanke hukunci a takardar, a nawa ganin, ita ce ko kana da lasisin tuƙi kuma ka yarda ka tuƙa. Na amsa da e ba tare da dogon tunani ba, sai na samu kaina da makarantu huɗu, mafi nisansu tafiyar kusan minti arba'in a mota ta tsakanin duwatsu. A Japan hannun hagu ake tuƙi, kuma lasisin ƙasa da ƙasa da suke karɓa shi ne wanda aka bayar bisa yarjejeniyar Janiba ta 1949, shi ma na shekara ɗaya. Bayan nan sai ka juya zuwa nasu, kuma 'yan ƙasashe da yawa sai sun sake jarrabawar tuƙi. Ni sai a zuwa na uku na ci.

Sanyi kuma kada ka ɗauke shi da wasa. Yawancin gidajen ƙasar, in ka cire na Hokkaido, ba a gina su da na'urar ɗumama gida gaba ɗaya ba. Hunturuna na farko da murhun kananzir na yi shi, ina buɗe taga lokaci-lokaci don iska ta shiga, kuma maƙwabciyata, wata dattijuwa, ita ta koya mini in riƙa tsiyaye ruwan famfo kafin in kwanta don kada bututu ya daskare ya fashe. Da asuba sai na share dusar ƙanƙara daga kan mota kafin in kama hanya. A watan Janairu mura mai zafi ta shiga ɗaya daga makarantuna har aka sallami aji guda na kwanaki, wanda abu ne da suka saba yi, ni ma ta kwantar da ni mako guda saboda na yi sakaci da allurarta ta shekara-shekara da ake yi a kaka.

Duk da haka, da za a mayar da ni baya, karkarar zan sake zaɓa. Hayar gidana ba ta taka kara ta karya ba, ban biya kuɗin godiyar nan da masu gidaje a birane suke karɓa ba sa mayarwa ba, kuma tunda babu mai jin Turanci a kanti ko a banki, dole ta sa na koyi harshen. Ƙaramar makarantata ɗalibai goma sha ɗaya ne a aji, na san sunan kowa da na ƙannensa. Abin da ya kamata ka shirya wa zuciyarka shi ne matsayin aikin: mataimakin malami ne kai, ajin na malamin ƙasar ne. Wani zai sakar maka darasi gaba ɗaya, wani kuma ba zai bukace ka ba sai don ka karanta jimla ɗalibai su maimaita. Ga wanda ya shekara huɗu yana riƙe da ajinsa, wannan na iya fin sanyin ciwo.

Malama Mai Ajin Dare:

Da izinin Malam, ban yarda a mayar da karkara maganin kowa ba. Wanda yake shan magani kullum, ko wanda kaɗaici yake saurin taɓawa, ko wanda zai tafi da mata da yara, birni ya fi masa, kuma babu abin kunya a faɗin haka a takarda. Na san waɗanda suka karya kwantiragi a tsakiyar hunturu ba don aikin ya gagare su ba, sai don sun yi makonni ba su yi doguwar hira da kowa ba.

Ni Biyetnam na yi, shekara biyu, kuma abin da ya ɗaga mini hankali a tambayarka shi ne maganar isowa cikin wata biyu. Aiki a can bisa doka yana bukatar takardar izinin aiki, wadda ake nema da digiri, da shaidar cewa ba ka da laifi a hannun 'yan sanda, da gwajin lafiya, kuma takardun sai an tantance su a hukumance an fassara su. Cibiyar da na fara yi wa aiki ta ce mini in shigo da bizar yawon buɗe ido, za su gyara komai daga baya. Wata huɗu na yi ina koyarwa a haka, duk ranar da aka ji jami'ai za su zo sai a ce in zauna a gida, kuma da suka fara jinkirta albashi ba ni da bakin kai ƙara ko'ina, domin ni kaina a kan kuskure nake. Ainihin takardar digirina ma a hannunsu take, sai da na yi ta sintiri kafin in karɓo ta. Kada ka hau jirgi sai an rubuta maka a kwantiragi irin bizar da za ka shiga da ita, da wanda zai biya kuɗin izinin aiki, da ko albashin na awa ne ko na wata, da abin da zai faru in an soke aji. Ka kuma nemi su haɗa ka da malami ɗaya da yake aiki da su yanzu, da wani da ya bar su. In sun yi ta kewaye-kewaye, ka samu amsarka.

Ka sani kuma cewa cibiyoyin harshe da yamma suke aiki, bayan yara sun taso daga makaranta, sai Asabar da Lahadi tun safe har dare, wani lokaci a rassa biyu ko uku da za ka riƙa ratsa gari a kan babur domin kai musu. A gaskiya babur ɗin ya fi duk cututtukan da aka lissafa haɗari ga baƙo, don haka ka duba ko inshorarka tana biyan haɗarin babur, domin da yawa ba sa biya in ba ka da lasisin da ƙasar ta amince da shi. Hanoi tana da hunturu mai danshi da gurɓatacciyar iska, wadda mai asma zai ji a ƙirjinsa. Birnin Ho Chi Minh kuwa zafi ne duk shekara, da damina daga Mayu zuwa Nuwamba. Zazzaɓin dengi ya kama ni a damina ta biyu, a tsakiyar birni, kuma sauronsa da rana yake cizo, gidan sauro kaɗai ba ya isa.

Wani abu ga masu karatu da suke tunanin Koriya ta Kudu: bizar koyar da Turanci ta E-2, wadda shirin EPIK na gwamnatin ƙasar yake amfani da ita, an fi keɓe ta ga 'yan ƙasashe bakwai, wato Amurka, Kanada, Birtaniya, Ayalan, Ostareliya, Niyu Zilan da Afirka ta Kudu. Mutum ya duba fasfonsa tukuna kafin ya biya kowa kuɗin neman aiki.

Mai Shirin Tafiya:

Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Na rubuta wa cibiyar ina tambayar irin bizar, har yanzu shiru. A takardar JET kuma na goge biranen da na sa, na rubuta jihohi biyu na kudu saboda ina da asma da sanyi yake tayarwa, kuma zan bayyana hakan a fili. Malama ma'aikaciyar jinya, saura tambaya biyu: shin ana iya yi mini allurai da yawa rana ɗaya, kuma yaya zan yi da maganin shaƙa da nake amfani da shi?

Ma'aikaciyar Jinya:

Ana iyawa, Malam, kuma haka muke yi kullum, wasu a wannan damtsen wasu a wancan. Inda ake taka-tsantsan shi ne alluran da suke ɗauke da ƙwayar cuta mai rai da aka raunana, wato MMR da ta ƙarambau da ta zazzaɓin shawara: ko a yi su rana ɗaya, ko a bar kwana 28 tsakaninsu, kuma ba a yi wa mai ciki ko mai raunin garkuwar jiki. In ƙwai yana tayar maka da borin jini, ko kana shan ƙwayoyin asma masu danne garkuwa, ka faɗa kafin a taɓa ka.

Idan JET ta ɗauke ka za a ba ka takardar shaidar lafiya da likita zai cika, kuma gwajin tarin fuka yana cikin abin da ake dubawa. Allurar BCG ta tarin fuka da ake yi wa jarirai tana iya sa gwajin fata ya nuna kamar akwai cutar alhali babu, don haka hoton ƙirji ko gwajin jini ya fi warware magana. Allurar MMR kuma tana iya dusashe sakamakon gwajin fatar, sai a yi su rana ɗaya ko a jira mako huɗu.

Game da magani, Japan tana barin mutum ya shiga da na wata ɗaya in likita ne ya rubuta, fiye da haka sai ka nemi takardar izinin shigo da magani daga ma'aikatar lafiyarsu tun kafin ka tashi, kuma tana ɗaukar makonni. Wasu magungunan mura da ake saye ba tare da takardar likita ba haramun ne a can saboda yawan sinadarin pseudoephedrine da yake cikinsu, don haka ka karanta bayan kowane kwali. Ka sa likitanka ya rubuta maka wasiƙa da Turanci mai ɗauke da sunan sinadarin maganin shaƙarka da adadin da kake amfani da shi, domin sunan kamfani yakan canza daga ƙasa zuwa ƙasa. Sabon katin da za a buɗe maka kuma, ka tabbata an rubuta kwanan wata da lambar rukunin kowace allura, ka ɗauki hotonsa a waya, ka ajiye shi tare da fasfo a jakar hannu.